Ranar da Malam Ya Faɗa

Kausar na jera kyandirori a kan kek, mahaifiyarta Riskuwa kuwa idonta na kan mijinta. Yau ma Malam Sunusi azumi yake yi, kamar kowace shekara a wannan rana. Ba Litinin ba ce, ba Alhamis ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ko sha biyu, Allah ne masani, da 'ya'yansu suka fara tara dangi a gidansu na unguwar Badariya don murnar ranar haihuwar Riskuwa. A katin shaidarta suka ga ranar. Ita kuwa ba ta taɓa sanin ranar da aka haife ta ba. Abin da matar da ta rene ta a Argungu ta faɗa mata kaɗan ne: wata ranar kasuwa jirgin fito ya kife da mutane, iyayenta na ciki, su baƙi ne, ba wanda ya san garinsu. Ita aka tsinta a bakin gulbi, ba ta wuce shekara huɗu ba. Matuƙin jirgin ya gudu, ba a sake jin labarinsa ba.

To amma ranar da suka je yin katin, ma'aikaci ya tambaya, tana shirin cewa ba ta sani ba, sai Malam ya amsa: sha bakwai ga Agusta. Bai ko yi jim ba.

Tun ranar zargi ya shige ta. Wanda ya san ranar haihuwarka, ai ya san danginka. Ta bincike littattafansa ɗaya bayan ɗaya, har bayan bangonsu inda malamai kan rubuta haihuwa da mutuwa. Ba ta sami kome ba. Sai ta koma lura da shi. Mutum ne da bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma sau biyu kacal ya raka ta Argungu, kuma bai sauka daga mota ba.

Yanzu ga mantuwa ta kama shi. Jiya sunan autarsa ya ɓace masa. In ta bari, abin da ya sani zai tafi da shi.

Ta matsa kusa da kujerarsa. "Malam, don girman Allah, wa ya faɗa maka wagga rana? Su wa ne dangina?"

Ya dube ta da idanu masu taushi, ya ce, "An kira la'asar?"

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kafin a kwashe tabarmi tsakar gida ta cika. Jikarsu Hamida, 'yar shekara huɗu, ta ruga ciki tana dariya, santsi ya kwashe ta, ta faɗi rubda ciki.

Tsohon da ya shekara ba ya tashi sai da sanda, shi ya riga kowa. Ya sure ta, ya rungume ta a ƙirji. Ya dubi 'ya'yansa da surukansa kamar bai taɓa ganinsu ba.

"Ku yi mini rai, jama'a," ya ce cikin muryar saurayi. "Ni ke tuƙa jirgin, ni na cika shi da buhunan albasa. Ɗiyar ga kaɗai na iya fiddawa."