Kwamfutar Malama Ta Ƙi Tashi

Fitilar gaban akwatin kwamfutar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Direban ya sake danna maɓallin, ya canja soket, ya ari wayar wutar maƙwabcinsa, har ya ɗan mare ta a gefe yadda yake yi wa rediyon mota. Kwamfutar ta yi shiru, irin shirun mai ita idan ta raina mutum.

Mai ita Malama ce, tsohuwar shugabar makaranta da ya yi wa tuƙi na ɗan lokaci. A gaban baƙinta ta kore shi. Ta sa ya hura mata numfashi, ta ji warin giya, ta yamutsa hanci, ta karɓe makullin mota, ta ce jikokinta ba kayan gwaji ba ne. Matan da ke zaune suka tuntsire da dariya, har da mai aikin gidan.

Ya san inda zai taɓa ta. Kullum da safe, yana wanke mota a ƙarƙashin tagarta, yakan ji muryar marigayi mijinta tana fitowa daga kwamfutar nan: tsoho yana ba da labari, yana tari, yana kiranta da sunan da yanzu babu mai kiranta da shi. Fasa akwatin da guduma ya yi sauƙi. So yake ya kunna, ya goge muryar da yatsansa, ya ajiye mata kayanta a ƙofar gida. Ta yi murna tukun, ta kunna, ta ji wayam.

Ranar da ya ɗauko kwamfutar, Malama ta biyo shi har matakala tana riƙe da wayar wutarta. Ya fizge. Ya ji ƙarar faɗuwarta, bai waiwaya ba.

Mai gyara na farko ya buɗe akwatin, ya zare ram, ɗan katin ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya goge, ya mayar, ya gwada na'urar da ke raba wuta. Komai lafiya. Sai ya karkata akwatin ya leƙa ƙasansa, ya ɗan jima yana kallo, ya rufe.

"Wannan ta fi ƙarfina, ɗan'uwa. Je wurin Mai Gilashi."

Na biyu ko buɗewa bai yi ba. Ƙasan kawai ya leƙa, ya ce shi ma Mai Gilashi zai tura shi, har ya fito titi ya tsayar masa da tasi. Direban ya ce a ransa, ashe akwai sauran mutanen kirki.

Shagon yana can ƙarshen wani lungu a cikin bene, ƙofa ɗaya, babu taga. Mai Gilashi siriri ne, idanunsa sun yi ja kamar wanda barci ya yi wa nisa. A gefen teburinsa akwai kwanon abinci a ɗaure, da kuma bargo a naɗe, irin na mai kwana jinya a asibiti.

"Taka ce?"

"Ta gidanmu ce, oga."

"Me kake nema a ciki?"

"Tarkace zan goge. Surutun wani tsoho ne ya cika ta."

Mai Gilashi ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Zauna," ya ce. "Can ciki, kujerar ta fi laushi."

Ya fara aiki a natse. Ya kwance ƙusoshin murfin, ya tsallake ƙusar ƙasa, wadda dama ta mutu ba ta juyawa. Ya hure ƙurar fanka, ya canja ɗan batirin ciki, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a hankali, kamar mai duba rauni.

Can sai ga mai gyara na farko, wai ya zo aron kayan aiki. Ya zauna a bakin ƙofa. Ba a jima ba na biyu ya shigo gaisuwa, ya ce hasken waje yana kashe allo, ya turo ƙofar.

"Oga, za ta tashi kuwa?" Direban ya waiga ya kalli ƙofar. "Yau nake son barin gari."

"Ita dai za ta tashi," in ji Mai Gilashi. "Ba kowa ke tashi ba in ya faɗi."

Ya mayar da murfin. Ba tare da ya duba ba, ya zura hannu ƙarƙashin akwatin, aka ji ƙas. Sannan ya danna maɓallin gaba. Fanka ta juya, allo ya kawo haske, kuma kafin kowa ya taɓa komai, tarin tsohon ya cika shagon. Masu gyaran biyu suka sunkuyar da kai.

Direban ya yi tsalle. "Kai, oga, hannunka da albarka! Me ya lalace?"

"Babu. Wani ɗan maɓalli ne a ɓoye a ƙasa, saboda jikoki masu taɓe-taɓe. In ba a danna shi ba, wuta ba ta shiga."

"To kai ya aka yi ka sani?"

Mai Gilashi ya naɗe gilashinsa ya saka a aljihun tebur. A bayan direban, makulli ya juya a ƙofa.

"Ni na saka wa Mama shi."