Yatsan Baba Tanimu

Tun shekarar da Kotun Ƙoli ta karɓe aikin zaɓe daga hannun jama'a, Baba Tanimu bai taɓa fashin zuwa rumfa ba. Bana kuwa da fushinsa ya zo, don ciyaman ne ya sa aka rushe masa shagon ɗinkin takalma, shi kuma ya rantse sai ya kayar da shi.

Ya tarar babu layi, babu akwati, sai wani ma'aikaci zaune da kwalbar tawada yana hamma.

"Ba ni takarda in dangwala," in ji Baba.

"Ai an dangwala maka, Baba. Kotu ta zauna jiya ta fassara abin da kake nufi."

"To, me ta ce ina nufi?"

Ma'aikacin ya duba na'urarsa. "Ciyaman ya zarce."

"Ƙarya suke yi! A cikina suka kwana? Mutumin da ya mayar da ni zaman gindin bishiya da tsufana?"

"Hukuncin ya ce fushinka mai wucewa ne, tsarin mulki kuwa maslaharka yake dubawa. Miƙo yatsa in shafa maka, a san ka yi zaɓe."

Baba ya dunƙule hannu ya cusa a aljihu. "Wallahi ba ka isa ka taɓa ni ba. Zan ɗaukaka ƙara!"

"Zuwa ina? Sama da su sai Allah." Ya rufe kwalbar a hankali. "Ƙin miƙo yatsan ma, tun bara suka yanke cewa amincewa ce. Mun gode da goyon baya, Baba."