Idan Hoto Ya Tsaya

"Iya, albishirinki," in ji yarinyar da aka aiko daga Maraɗi ta binciki yadda muke kiran bidiyo a Jiratawa. "Za a gyara rezo, wato sabis ɗin waya, hoto ba zai ƙara tsayawa ba. In rubuta kin ji daɗi?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin zane. "Rubuta, ɗiyata."

To, me zan ce mata? Mai kirana daga Agadas ɗan farina ne, kuma mu ba mu zuba wa ɗan fari ido. In yana magana, bango nake kallo. Sai rezo ya yanke, fuskarsa ta daskare, sannan nake jawo wayar kusa, in kalli yarona son raina, har furfurar da ban san ya yi ba.