Ƙamshin Mangwaro da Kaka

Tunda ka fara aikin jinya, zauna in ba ka wani misali.

An yi wata mata mai sayar da kayan marmari a bakin tasha, mijinta maginin tukwane ne. Wata shekara da kaka sai ƙishirwa ta sa shi gaba, ya sha ruwa kamar zai ƙarar da randa, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga rama kamar ana zuƙe shi. Ana nan sai amai da ciwon ciki suka kwantar da shi. Maƙwabta suka ce shawara ce, mai kemis ya ce taifot ne, ya ba da ƙwayoyi. Ita kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Duk sanda ta sunkuya gyara masa matashi, sai ta ji bakinsa na ƙamshin mangwaron da ya nuna har ya soma lalacewa. Shekara ashirin tana wannan sana'a, hancinta ba ya yi mata ƙarya. To amma ina aka ga mangwaro da kaka? Balle mutumin da kwana biyu ko kunu bai zauna a cikinsa ba. Ta shinshina zanenta da hannayenta, ko ita ce ta kwaso daga tasha. Ba daga nan ba ne, daga numfashinsa yake fita. Numfashin ma ya sauya, yana jan sa da zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu, alhali a kwance yake.

Da hantsi, da ta ga ya fara magana ba kan gado, sai ta sa shi a a-daidaita-sahu zuwa asibiti. Ta lissafa wa ma'aikaciyar jinya duk abin da ta gani, ban da ƙamshin, don tana tsoron a yi mata dariya. Can ta ce, “Malama, me ke sa bakin wanda bai ci komai ba ya yi ƙamshin mangwaro?” Ma'aikaciyar ta ajiye biro, ta sunkuya ta shaƙa da kanta. Nan take ta soki yatsansa ta ɗebi ɗigon jini, na'ura ta nuna sukari ya yi sama ƙwarai. Ta tsoma 'yar takardar gwaji a fitsarinsa, takardar ta rine. Gwajin jini ya tabbatar da sauran. Likita ya yi wa matar bayani: ciwon sukari ne, jiki ya kasa amfani da sukarin, ya koma ƙona kitse, dattin kitsen ya taru har jini ya yi tsami, shi ne ƙamshin da take ji. Aka ɗaura masa ruwa, aka fara ba shi insulin, maganin da ke sauke sukari. Da an ƙara yini guda a gida, da wuya a same shi da rai. Kwana uku sai ga magini zaune yana tambayar wa ya rufe masa tukwanensa kada raɓa ta taɓa su.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, ruwa ba ya tsami banza.