Shaddar da Ta Rage a Shagon Anselm

Naushin ya sauka a bakin mutumin tun kafin Kashim ya san ya ɗaga hannu. Jini ya fantsama kan kantar shagon, amma mutumin bai saki shaddar ba.

"Ni na fara ɗauka!" in ji mutumin.

"Ƙarya kake, wallahi!"

Anselm mai shagon yana ta ihu: "Alhaji, ku yi haƙuri! Ita kaɗai ta rage a duk Kasuwar Litinin!"

Ɗazun nan Kashim ya juya shaddar ya taɓe baki, don kalar ba ta yi masa ba. Sai da baƙon nan ya miƙo hannu, ya ji duk duniya ba abin da yake so kamarta. Kashim ya ƙara masa da gwiwa a ciki, ya fizge ta, ya biya ko tayi bai yi ba.

Har ya hau keke ya tuna hularsa ta faɗi wurin damben. Da ya koma, ya tarar da Anselm yana goge wa mutumin jini yana cewa, "Sannu Taufiq. Gobe ka riƙa saki da wuri." A bayansu ga irin shaddar nan jibge har rufi.

Kashim ya dangwarar da tasa kan kanta. "Macuta! A ba ni kuɗina!"

Wani mai wucewa ya tsaya, ya shafa ta. "Kai, wannan ta yi kyau. Ta sayarwa ce?"

Kashim ya ci kwalarsa. "Cire hannunka daga kayana!"