Ƙwaƙwalwar Motar Ilu

Tun da aka hana ɗan'adam tuƙi a Sahara, mota ke kai mai ita, kuma iyakarta inda ƙwaƙwalwarta ta taɓa zuwa.

Da hantsi Alhaji Bawale ya zo garejin Lantana a Agadas karɓar motar mai ɗaki da ta haɗa masa. Ya danna katifar, ya ƙwanƙwasa tankin ruwa.

"Malama, ba na son mai tsaya wa masu ɗaga hannu."

"Ba za ta tsaya musu ba, Alhaji."

Bai san Lantana matar Ilu ce ba. Bara motar Ilu ta mutu a hanyar Bilma, ya ɗaga wa Bawale busasshiyar jarka, Bawale ya wuce. Ƙishirwa ta kashe Ilu. Da aka janyo motar, Lantana ta gani a ƙwaƙwalwar motar: Bawale a bayan gilashi, yana kurɓar ruwan sanyi. Wannan ƙwaƙwalwar ta dasa a sabuwar motar Bawale.

"Ta san hanyar Bilma kuwa?" in ji Bawale.

"Ta taɓa bi."

"Har ƙarshe?"

Lantana ta rufe masa ƙofa, motar ta tashi.

"Har inda ta sani," ta ce. "A can sai ka ɗaga hannu."