Maganin da Baba Bai Sha Ba

Shekarar da Turawa suka ci Keffi, Baba ya kwanta da ciwon shawara. Wata la'asar Inna ta aike ni bayan Tudun Ƙofa na tsinko rariyar ƙasa, ciyawar nan mai ƙananan furanni rawaya, ta dafa masa.

Tana zubawa a ƙoƙo sai ga dogari yana neman masu ɗaukar kayan Bature, ya ce Baba ya tashi.

Inna ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, bari ya huce ya sha."

Ya ce, "Bature ne zai jira ƙoƙonki?"

Aka tafi da Baba, ƙoƙon yana tururi. Bai dawo ba. Har yau in na ji ƙamshin ciyawar, bakina ɗaci yake yi. Mun rasa Baba, mun rasa dawar da ya shuka, daga baya gonar ma ta tafi.